Wutsiyar Ƙarfe

Shekara tara ina tuƙi,
ban taɓa jan komai ba sai kaina,
sai ran Talatar nan a Birnin Kebbi
da ƙafar Baba Nomau ta kumbura,
aka ce ni zan ja ɗakin likitan dabbobi
har wata ruga bayan Dakingari.

Ɗaki ne sosai, a kan tayoyi,
da taga, da gado, da firjin allurar shanu.
Na zagaya shi sau uku
kamar mai tayin raƙumi babu ko sisi a aljihu.

Baba ya zo yana dogara sanda.
Ya sa na tsuguna na ɗaura ƙugiya,
na zura fil, na gicciya sarƙa biyu,
na taka birki ya ga jar wuta ta kama a baya.
"Mi kaka tsoro?" in ji shi.
"Jaki da taiki ba ya mance faɗin kayanai.
Kai dai ka tuna yau kā yi tsawo."

Na yi bisimilla, na sa giya.
Tafin hannuna ya jiƙa sitiyari.
Duk sanda na kalli madubi
sai in ga bango fari yana bi na,
kamar mai bin bashi da ya san gida.

A shataletalen farko na mance da tsawona.
Tayar baya ta hau dakali,
wani ɗan kabu-kabu ya aiko min da daƙuwa,
firji ya yi ƙara,
Dakta Luba ta ɗago kai, ta mayar kan ƙullin gyaɗarta.
Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan Kalgo hanya ta miƙe,
na fara jin kaina direba.
Sai ga tankar mai ta wuce da iskarta.
Wutsiyar ta kaɗa hagu,
ta dawo dama, ta ƙara,
ta fara juya motar kamar ita ce gaba.
Ƙafata ta tashi neman birki da kanta.
Can cikin kunne na ji tsohon:
kada ka taka, kada ka yi kokawa da ita,
ɗage ƙafa daga totur, riƙe hannunka miƙe.
Na ɗage.
Na ƙirga falwayoyin bakin titi,
ɗaya, biyu, har bakwai,
kaɗawar tana raguwa
kamar ruwan tulu bayan an sauke shi.

Ban san ina riƙe da numfashi ba
sai da Dakta ta miƙo min gyaɗa uku.

Gadar Bunza na haye ta da giya biyu.
Motoci sun yi layi a bayana, suna ta oda.
Na bar su da odarsu.
A ƙasa wani mai kwalekwale yana tura gora
shi ma ba ya sauri.

Abin da ya rage sai komawa da baya
ƙarƙashin tsamiyar da Arɗo ya nuna.
Na juya dama, ta tafi hagu.
Na gyara, ta lanƙwashe kamar gwiwar hannu.
Mata suka ajiye ƙoren nono suna kallo.
Wani yaro, Jaɓɓo, bai kai sandarsa tsawo ba,
ya tsaya inda madubi zai gan shi
yana kora ni da hannu kamar karsana mai gardama.
A karo na biyar ta shiga inuwa.

Na cire fil, na kwance sarƙa,
rigata ta manne da baya.

Da yamma na shiga gari sayen burodi,
mota wayam, ba nauyi.
A kowace kwana sai na buɗe hannu,
ina ba da wuri ga abin da na baro a gindin tsamiya.